Kazar da Aka Karya Saboda Ni

Litinin, 4 ga Agusta, 2025
Da hagu nake rubutu, shi ya sa ya karkace. Yaya Usumanu ya murɗe min hannun dama a kan makullin babur ɗin marigayi Baba. Wai shi ne babba. Na ƙi saki, ya kama wuyan hannun ya juya kamar yana matse wanki, har na ji ƙas. Ya san sarai da hannun nan nake kitso, da shi nake ci. In bai dawo daidai ba, na kaɗe.

Laraba, 6 ga Agusta
Mama ta kai ni Gbalahi wurin Yidana mai ɗori. Ya ce ƙashi ya tsage. Ya ja, ya murɗa, na zagi duk wanda na tuna. Al'adarsu ita ce a kawo kaza, ya karya mata ƙafa ya ɗaure da magani ɗaya da nawa. Ya ce, "Ranar da kaza ya taka, hannu ya warke." Usumanu ne ya kawo kazar. An karya ni saboda shi, yanzu an karya baiwar Allah saboda ni, shi kuwa lafiyarsa ƙalau.

Asabar, 9 ga Agusta
Ban yafe ba. Mama ta daina ɓata bakinta.

Juma'a, 15 ga Agusta
Ticha William na ɗakin haya ya zo duba ni. Maimakon sannu, sai lacca. Wai Turawa wrench suke ce wa irin wannan murɗiya, sunan da suke kiran sifanar makanikai ke nan, kuma a tsohon Turancinsu har yaudara yake nufi. Na ce to ya je ya karanta wa Usumanu, shi ya dace da shi. Ina fama da zogi, mutum yana ba ni tarihin kalma.

Akos, wadda nake wa kitso tun tana amarya, ta wuce da sabon kai. A Kalpohin aka yi mata. Ko kunya, har da ɗaga min hannu. Na shiga ɗaki na yi kuka, na haushi ne.

Lahadi, 24 ga Agusta
Kullum da safe sai Usumanu ya zo da dawa a aljihu ya tsugunna gaban kwandon kazar. Ta taga nake ganinsa. Ba ya yi min magana, kazar yake wa. Yau na ji yana cewa, "Daure ki taka mana, don Allah." Ƙaton banza. Ita zai ba haƙuri ke nan?

Babur ɗin yana nan jingine a zaure, taya ta sace. Mama ta ce tun ranar bai hau ba, da ƙafa yake zuwa daga gidansa na Gumani. Ina ruwana.

Lahadi, 7 ga Satumba
Kazar ta taka. Da ɗingishi, amma ta taka. Na gwada yi wa Mama layi biyu, yatsun sun bi, ko da yake da zafi.

Yidana ya ce yanzu a iya yanka ta. Usumanu ya ce babu mai taɓa ta. Ban kalle shi ba. Da zai fita ya ajiye makullin a bakin tagata. Na ce wa Mama ta gaya masa ya sa wa tayar iska, gobe shi zai kai ni Gbalahi a kwance ɗaurin. Ba don komai ba, hannun ne bai kai riƙe babur ba tukuna.