Ƙwallayen Da Ba Su Shiga Ba

Ranar Talata

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Inna da Yaya da yaranta. Yaya gwiwar? Ina fata shafa maganin kake yi, ba ajiye shi ka yi a kan taga kana kallo ba. Tunda kunnen ya ƙi waya, na koma ga biro, ko da yake rubutun nawa kamar kaza ta yi tono. Direban da ya saba zai kawo maka.

Inna ta ce kana tambaya wane irin aiki ne wannan da mutum zai bar walda dominsa. Bari in kwatanta maka. Mu uku ne a ɗaki ɗaya, a saman shagon mai sayar da kayan famfo. Akwai Uwar Ɗakinmu, wadda ta yi shekara tara tana karanta labarin wasanni a rediyo kafin ta ajiye ta buɗe wannan shafi a intanet. Akwai wanda muke kira Almakashi, shi ke yanka bidiyo a kwamfuta. Sai ni mai ɗauko hoton. Teburi ɗaya gare mu, da fankar da wuyanta ya ƙage tana kallon Almakashi kaɗai, da tagar da gilashinta ya tsage muka manne da salatif. Watanmu bakwai da farawa.

Ba ma taɓa wasan manyan ƙasashe, waɗannan suna da masu ɗaukarsu. Namu gasar unguwanni ce: 'yan gareji, 'yan kasuwa, ma'aikatan asibiti, mutanen da ba a taɓa nuna fuskarsu ko'ina ba. Ranar Asabar sai in kafa waya a kan ƙarfe mai ƙafa uku a gefen fili in ɗauki wasan duka. Dokar Uwar Ɗaki ita ce kada bidiyo ya wuce minti ɗaya da rabi, kuma ƙwallayen da suka shiga raga kawai za a sa, don mutane ba su da haƙuri kuma ba su da data.

Abin da zai ba ka dariya, Almakashi bai taɓa kallon wasa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Akwai wani layi a ƙasan kwamfutarsa mai nuna ƙarfin hayaniya. Inda layin ya yi tozo, ya san nan jama'a suka yi ihu, sai ya yanka. Sauran kuma ranar Litinin ya goge, don ma'ajiyarmu ƙarama ce.

To, jiya wani mutum ya hawo benenmu. Golan ƙungiyar 'yan kasuwa ne, mai yankan gilashi, magidanci da zai girme ni da shekara biyar ko shida. Ƙungiyarsu ita ce ta ƙarshe a gasar, bayansu a buɗe yake kamar ƙofar kasuwa. Masu sharhi a shafinmu sun raɗa masa suna Rariya. Wani ya rubuta wai ko iska ce ta zo wucewa sai ta shiga, wani ya ce a jingina tsintsiya a ragar ta fi shi. Mu ma, Allah ya yafe mana, Rariya muke ce masa a ofis.

Bai zo da faɗa ba. Ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya ƙi zama. Ya ce shi roƙo ya zo, ko za a iya daina nuna shi. Almakashi ya ce, "Malam, ta yaya za mu nuna ƙwallo a raga ba mu nuna mai ragar ba?" Mutumin ya gyaɗa kai ya ce ya sani. Ya ce 'yarsa mai shekara shida ce ta dawo daga makaranta, yara suna ce mata 'yar Rariya. Da ta kalli shafin a wayar uwarta sai ta tambaye shi, "Baba, me ya sa kullum kai ne a kwance?" Ya ce wasa biyu suka rage, in ya gama su ya rataye safar hannu ke nan, ya ga dai ya kamata ya zo ya ji. Da zai fita ya dubi tagarmu ya ce salatif ba ya riƙe tsaga, ƙara gudu take yi a ƙarƙashi.

Baba, ni ne nake filin. Ranar da aka zura masa uku, na ƙirga da idona, goma sha huɗu ya hana. Amma idan gola ya ture ƙwallo ba ihu ake yi ba, ɗan gunaguni ne, layin Almakashi ba ya ko motsi. Mu ne muka goge sha huɗun muka ajiye ukun. Ban dai tayar da zancen a ofis ba tukuna. Ka san ni da jira, ba banza ake ce mini Hawainiya ba.

Ka gaida Inna, ka ce mata ina cin abinci.

Ɗanka,
Hawainiya

Ranar Lahadi

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi wa kowa fatan alheri. Na ji Yaya ta sa an gyara rufin ɗakinka, Allah ya saka mata. Amsarka ta iso ranar Alhamis. Layi uku ka rubuta, na karanta ya fi sau goma. Ka ce wanda yake son ya san aikin mai tsaro, ya je ya tsaya inda mai tsaro yake tsayawa.

Ban taɓa tayar maka da zancen siton nan ba. Ina ƙarami lokacin, amma na tuna. Shekara ashirin da shida kana gadinsa, rana ɗaya aka rasa injin wuta, suka sallame ka, kuma har yau in za a kwatanta ka a unguwa sai a ce wanda aka yi sata a wurinsa. Ban haɗa abubuwan biyu ba sai da na ga rubutunka.

Ranar Juma'a na buɗe baki a ofis. Na ce a ba ni dama in tsaya bayan ragar golan nan in ɗauki abin da yake hanawa. Almakashi ya juyo da kujerarsa ya ce, "Hawainiya, ashe kana magana? To ji nan, ba a kallon abin da bai faru ba. Ƙwallon da bai shiga ba, labarin me ke cikinsa?" Na ce masa ai ƙofar gidansu ma ba ya tuna ta sai ranar da ta ƙi rufuwa.

Uwar Ɗaki ta daɗe tana juya biro. Ka san ita ke ɗauke da nauyinmu, kuma akwai mai shagon takalman wasa da ke duba yawan masu kallonmu kafin ya yarda ya sa talla. Ta ce ƙwallayen da suka shiga su ke kawo jama'a, ba za ta taɓa su ba. Amma ta jawo aljihun teburi ta miƙo mini tsohuwar wayarta. Ta ce in ɗauka, in yanka da kaina, in ya yi kyau ta sa, in bai yi ba kada in ɓata fuska. Na ce to wa zai kula da babbar wayar a gefen fili? Sai muka juya mu biyu muka dubi Almakashi.

Da ka gan shi jiya, Baba. Mutumin da wata bakwai yana cin abinci da ƙwallo bai taɓa taka fili ba. Ya zo da takalmi sau-ciki mai sheƙi, ya ɗora jarida a ka saboda rana, yana tambayata su wane ne masu jan riga.

Ni kuwa na durƙusa bayan raga. Daga nan wasan wani abu ne dabam. Daga gefe ƙwallo kake bi, daga baya kuwa mutane ne ke ta gudu suna nufo ka. Golan bai yi shiru ko na minti ɗaya ba, yana ta jera 'yan bayansa, wannan matso, wancan duba hagunka. Sau biyu na ga ya hana ƙwallo tun ba a buga ba, da taku biyu kawai da ya yi gaba, mai ƙwallon ya rasa wurin sawa. Ƙasan bakin ragar babu ciyawa, tsakuwa ce, kuma a kanta yake faɗuwa. Da ya ture wata da yatsu uku ta bugi turke, na ji ƙarar yatsun. Babu wanda ya tafa. Ya tashi ya kaɗe wando ya ce wa ɗan bayansa, "Ba komai, tsaya a wurinka."

An ci su biyu. Ya hana goma sha ɗaya.

A hanyar komawa, da muka kusa ofis, Almakashi ya dube ni. Sai ya ce, "Wannan ta turken, ka same ta?" Na ce na samu. Ya ce ranar Litinin ba zai goge komai ba sai na gama, kuma zai nuna mini inda ake dannawa, amma sau ɗaya, don shi ba malamin makaranta ba ne.

Wasa ɗaya ya rage wa mutumin. Ka sa ni a addu'a, kwamfutar nan duk Turanci ce.

Ɗanka mai ƙaunarka,
Hawainiya

Ranar Litinin

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, kuma gwiwar ta yi sauƙi. A gaida Inna, a ce mata saƙonta ya iso, na gode.

Kwana uku na yi ina yankan minti ɗaya da rabi. Sau ɗaya da Almakashi ya ce zai nuna mini ya zama sau ashirin, kowane da guntun zagi. Tunda layin hayaniya ba zai taimake ni ba, sai da na kalli wasan duka sau huɗu. Na sa sha ɗayan a jere, kuma bayan kowace faɗuwa na bar inda yake tashi tsaye. Almakashi ya ce tashin ɓata lokaci ne, a yanke. Na ce ko me za a yanke ban da wannan, akwai wadda nake so ta gani.

Uwar Ɗaki ta kalla sau biyu. Sai ta jawo kujera ta ɗora muryarta a kai, irin ta rediyo, tana ƙirgawa: ɗaya, biyu, uku. A ƙarshe ta faɗi sunansa na gaskiya da sana'arsa. Ta kuma rubuta a ƙasa cewa wata bakwai muna nuna rabin wasa, laifinmu ne.

Ba zan yi maka ƙarya ba, duniya ba ta girgiza ba. Ranar farko masu kallon ba su kai rabin na kullum ba, Almakashi yana ta yi mini kallon ai na faɗa maka. Har akwai wanda ya rubuta, "Rariya dai Rariya ce." Amma washegari sai saƙonni suka fara shigowa daga inda ba mu zata ba. Golan 'yan gareji ya ce shi yaushe za a zo bayan tasa ragar. Golan asibiti ya ce shekararsa takwas yana tsaro ba shi da hoto ko ɗaya a tsaye. Wata mata ta ce mijinta ɗan baya ne, su kuma fa? Uwar Ɗaki ta ce masu kallon kaɗan ne amma ba wanda ya tsallake, har ƙarshe suke kaiwa, kuma wannan ba mu taɓa samu ba. Ta ce daga yanzu kowane mako akwai na bayan raga, kuma nawa ne. Mai shagon takalma dai bai ce komai ba tukuna, muna jira.

Shi golan bai turo saƙo ba. Shekaranjiya aka yi wasansu na ƙarshe, na je na durƙusa a wurina. Da ya zo ya ɗaga mini hannu kawai. A nan na lura da abu biyu. Na farko, akwai wata yarinya a bakin fili, can bayana, kusa da uwarta, duk ƙwallon da ya kama sai ta ɗaga yatsa tana ƙirgawa, da yatsun suka ƙare ta ari na uwar. Na biyu, safar hannunsa sabuwa ce fil, ko zaren da ke riƙe takardar shago bai gama cirewa ba. Na ce a raina, mai yankan gilashi ba ya sayen sabuwar safa don wasa ɗaya.

An ci su ɗaya, sun rama ɗaya. Karo na farko ke nan da ba a doke su ba a bana.

Yau da safe muka ji taku a bene, sai ga shi da gilashi a hammata da tef ɗin awo. Ya ɓare salatif ɗinmu, ya sa sabo, ya ƙi karɓar komai. Almakashi ya tashi ya ba shi kujerarsa, har da juya masa fanka da hannu. Ni na kasa haƙuri, abin da ba halina ba, na tambaye shi maganar rataye safa. Yana goge gilashin ya ce, "Baɗi in za ka tsaya bayana, ka riƙa tsayawa ta dama. Ta hagu kana tare mini ganin 'yata."

Baba, na ba direba tsohuwar wayar Uwar Ɗaki, da izininta, bidiyon yana ciki. Yaya za ta kunna maka. Kada ka damu da kunnen, wannan ba ya buƙatar ji, don dama ba a yi masa ihu. Na yi lissafi a bayan takardar nan, shekara ashirin da shida ta haura kwana dubu tara, kuma babu wanda ya tsaya bayanka da waya ko sau ɗaya. Ƙarshen wata ina zuwa. Zan zauna kusa da kunnenka mai ji, ka ba ni labarin waɗanda ba su shiga ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ɗanka,
Hawainiya