Sunan da Muka Raɗa Masa

Argungu, daren Asabar

An yi suna, kowa ya watse. Na gaji amma barci ya ƙi zuwa.

Tun da asuba Inna ta iso daga Gulma, ta dage a kira yaron Barmani, tunda yayyensa biyu ba wanda ya yi tafiya kafin mu rufe shi. Na ce, “Inna, ki yi haƙuri, ba ni son sunan da kullum zai tuna mana kabari.” Ta share ido da gefen mayafi.

Yahaya na raɗa masa. Bayan addu'a Liman ya ce sunan annabi ne, ɗan da Zakariya ya samu bayan ya tsufa yana roƙo. Larabawa Yahya suke cewa, ha ɗin daga maƙogwaro, mu ne muka buɗe shi ya zama Yahaya. Wai malamai da yawa suna fassara shi da “zai rayu”. Da na ji haka sai na ga kamar na yi wa Allah shisshigi. Na yi ta istigfari a zuci.

Ɗazu na shiga wajen Hadiza, tana ba shi nono. Ba ta ɗago ba ta ce, “Malam, mi sunan ga ka nuhi?” Na gaya mata. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, “In ka tai Birnin Kebbi ka sawo mai riga. Babba, ta ɗan shekara ukku.”

Allah ka sa ya saka ta.