Muryarka a Kan Tudu

Nasarawa Burkullu,
Yuni, 2006.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya Kaduna, yaya aiki, yaya abokinka Shafi'u? Mu nan lafiya lau, ruwa ya sauka, an gama shuka. Inna da Baba suna gaishe ka. Tun da ka kawo ni gidanmu goyon ciki ban yi ko ciwon kai ba, sai dai nauyi ya fara hana ni sunkuyo.

Na san za ka yi dariya in ka ga wasiƙa, kai da ka shaida wa duniya cewa wasiƙa ta kusa mutuwa. To, ta gidanka dai tana nan da ranta.

Mun ji ku a rediyo ranar Asabar. Baba ya fitar da akwatinsa zaure, maƙwabta suka cika tabarma, ni da Inna da Yaya Larai muka maƙale a bayan zana. Da mai gabatarwa ya ce ga samari biyu 'yan Anka da suka kafa kamfanin Kunnen Manomi, wanda manomi zai buga waya ya ji farashin hatsi yana zaune a gonarsa, wallahi sai da na ji kaina ya yi girma. Har da kiran ka Injiniya! Kuma na lura ka koma Kananci tsaf, kamar ba a Anka aka yanke maka cibiya ba.

Na haddace abin da kuka ce. Shafi'u ya ce nan gaba Bafulatani zai sayar da bijiminsa bai bar ruga ba, kuɗi kuma su bi iska su same shi. Kai ka ce likita zai duba maras lafiya daga wani gari, mutum zai ga fuskar wanda yake magana da shi a tafin hannunsa, ɗan makaranta zai yi karatu ba allo ba alli. Nan zaure ya ɗauki dariya, wani ya ce to saura tuwo ya zo ta waya. Ni ban yi dariya ba, don na san ka, in ka sa abu a gaba sai ka ga ƙarshensa. Amma da ka ce mutanen da sun ce zumunta a ƙafa take, ku kuwa za ku mayar da ita aljihu, sai Baba ya rage muryar rediyon, ya tambayi mutane labarin taki.

Wayar da ka bar mini tana nan, na ɗinka mata jaka. Abin da ba ka lissafa ba shi ne a garin nan ba ta kamawa sai a kan tudun da ke bayan firamare, gindin tsamiya. Can kowa ke zuwa yana ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Yaya Larai ke raka ni. Na hau sau da dama, in an yi sa'a ta shiga, sai ka ce kana taro, za ka kira. Ni kuma ba a kan tudu nake kwana ba, in na sauko ko ka kira ba za ka same ni ba.

Kada ka manta alkawarin da ka yi mini a bakin mota. Ka ce tun da Allah ya yi wa mahaifinka rasuwa, kai da kanka za ka yi wa abin da za a haifa huɗuba, muryarka ce za ta fara shiga kunnensa. Ina riƙe da wannan.

Ɗanmusa direba zai kawo maka takardar. Ka gaida Shafi'u.

Taka har kullum,
Mardiyya.

Nasarawa Burkullu,
Agusta, 2006.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarka da ta aikinku. Gero ya fitar da kai, hanyar Bukkuyum kuwa ta zama taɓo, babur ma sai an tura shi.

Kayan da ka aiko sun iso. Itacen wanka an jibge shi har ya kusa kai tsawon rumbu, ga kanwa, ga kayan yaji, ga zannuwa. Inna ta yaba, ta ce ba a taɓa kawo wa 'yar gidan nan itace irin wannan ba. An ce duk da waya ka shirya, kana zaune a Kaduna ka sa aka sara aka ɗauro. Ka ga maganarka ta rediyo ta fara tabbata. Komai ya iso gidan nan ban da kai.

Amsar wasiƙata ta zo mini a saƙon tes, layi biyu, har da cewa in daina wahalar da Ɗanmusa. Na karanta a gindin tsamiya na yi murmushi saboda idon mutane. Da na dawo gida na shiga ɗakin Inna na yi kukana, na ce mata hayaƙin murhu ne.

Bari in gaya maka wani abu, ko ka ce na zautu. Ranar da na yi ta kiranka ba ka ɗauka ba, Yaya Larai ta ce in gwada lambar kamfanin, wadda kuke faɗa a rediyo. Ina bugawa sai ga muryarka raɗau, kana sallama, kana yi wa manomi barka da aiki, kana cewa in gero yake so ya danna ɗaya, in dawa ce ya danna biyu. Na amsa sallamar, har na fara ba ka labarin ƙafata da ta kumbura, sai na ji ka ci gaba da lissafin kasuwar Gummi ba ka saurare ni ba. Larai ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce naɗar murya ce, kamar kaset. Na ji kunya, amma ban kashe ba. Na danna ɗaya, na danna biyu, na saurare ka har ƙarshe.

Tun daga ranar in kewa ta dame ni can nake kira. Wannan maigidan ba ya taro, ba ya cewa zai kira an jima. Akwai wurin da kake ɗan jan numfashi kafin ka ce Anka, shi nake jira. Yanzu duk garin nan ba wanda ya kai ni sanin farashin dawa, alhali ko tiya ba ni da ita ta sayarwa.

Ungozoma ta ce watan nan ne ko farkon na gobe. Tudun ma ya fara fin ƙarfina. Na ji ka ce manyan baƙi za su zo daga Legas su ga aikinku, in ya yi musu su sa hannu a kamfanin. Allah ya sa su sa. Ni dai ina tuna maka cewa wannan baƙon da ke tafe bai san jiran a gama taro ba.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Mardiyya.

Nasarawa Burkullu,
Satumba, 2006.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu ma alhamdu lillahi, jiki yana ta komowa, Inna ba ta yi mini rangwamen ruwan zafi ko na kwana ɗaya. Barkanmu da arziki.

Ka riga ka ji namiji ne, don Yaya Larai ta hau tudu cikin yayyafi ta gaya maka. Abin da ya biyo baya ne nake so ka ji daga bakina.

Larai ta dawo da saƙonka, cewa baƙin Legas sun iso ba halin ka taso, amma alkawari yana nan: a naɗe jariri a kai shi gindin tsamiya bayan la'asar, a kara masa waya a kunnen dama, ka yi masa kiran salla ka raɗa masa suna daga Kaduna. Ta ce har Shafi'u ya karɓi wayar yana murna, yana cewa ba a taɓa yin haka ba a ƙasar nan, baƙin ma za su tsaya su gani da idonsu, kuma za a faɗa a rediyo.

Maigida, kai ma a gidan Hausa aka haife ka. Yaushe ka taɓa ganin an fita da jariri ko ƙofar zaure kafin suna, balle bayan gari, gindin tsamiya, da damina? Inna tana dama kunun kanwa ta ajiye muciya ta ce, "Ba a hita min da jinjiri, ko wa ac cikin wayag ga. Shi taho shi ga ɗanai, hanya ba ta ƙare ba." Ka kuwa san Inna.

Ni ba tudun ne ya fi ƙona mini rai ba. Baƙin ne. Abin da na ɗauka tsakanina da kai da yaron nan ne, ashe har ya shiga cikin abin da za a nuna wa mutanen Legas.

Duk da haka na roƙi Baba a dakata da huɗuba, ko za ka sake shawara. Ya dakata saboda ni. Yaro ya kwana ya wuni ba a yi masa ba, mata masu zuwa barka suna tambaya, Inna tana kawar da zance. Duk babur da ya tsaya a ƙofar gida sai in leƙa ko kai ne. Wanda ya tsaya a ƙarshe na Baffa Makau ne, ƙanen mahaifinka. Tun daga Anka tsohon nan ya taso, ya faɗi a taɓo a hanya, ya iso rigarsa ba ta ganuwa. Ya wanke hannu, ya karɓi yaro, ya yi masa huɗuba da sunan marigayi mahaifinka, kamar yadda ka so. Da ya gama ya daɗe yana kallon fuskarsa, ya ce goshin yayansa ne sak. Sunan ya fi ƙarfin bakina, don haka Uba muke kiransa.

An yi suna lafiya. Ragonka ya fi na kowa, an ci an yaba. Da aka tambayi ina uban yaro, Baba ya ce yana bakin aiki. Ni kuwa ina ɗaki an yi mini lalle an yi mini kwalliya, ban san wa aka yi wa ba.

Ban yi fushi ba, kewa ce kawai ta yi mini yawa. Ka gaida Shafi'u, ka ce ina taya ku murna in baƙin sun sa hannu.

Matarka,
Mardiyya.

Nasarawa Burkullu,
Nuwamba, 2006.

Zuwa ga baban Uba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, yaya jiki, yaya kamfani? Mun ji a rediyo kun buɗe har Sakkwato da Katsina, Allah ya ƙara buɗi. Nan an yi girbi, rumbuna sun cika. Uba yana lafiya, ya yi ɓul-ɓul, ya fara bin mutum da ido.

Mun gama wanka, mun yi yawon arba'in. Ni da Yaya Larai muka zaga da shi dangi, gida gida. Mun je Bukkuyum wurin kawunnaina, mun shiga Zugu wurin Gwaggo Adama, mun kwana Gummi, muka ƙare da Anka. Kowa ya ɗauke shi, ya sa masa albarka, ya faɗi wanda ya ɗebo. A Gummi, inda ka kama mana gida, na leƙa ɗakinmu. Gizo-gizo ya yi saƙa a ƙofa, hularka tana nan a kan ƙusa inda ka rataye ta.

Da muka dawo Larai ta ce to an gama, ba wanda ya rage. Na ce saura mutum ɗaya. Na goya Uba na hau tudu.

Na buga lambarka, ta yi ta ƙara har ta gaji. Na sake, aka ce kana kan wani kiran. Na zauna a saiwar tsamiya na jira, rana tana yin ƙasa, masu waya suna ta sauka ɗaya bayan ɗaya. Da na ga saura mu kaɗai, sai na kwance goyo, na buga ɗaya lambar, na kara masa a kunnen dama.

Ka yi masa sallama. Ka yi masa barka da aiki. Yana ta mutsu-mutsu, amma da ya ji ka sai ya yi lamo, ya buɗe ido yana neman inda maganar ke fitowa. Ya dubi tsamiya, ya dube ni. Na danna masa ɗaya. Abin da ɗanka ya fara ji daga bakinka ke nan, farashin gero a kasuwar Gummi. Da ka gama ka gode masa da kira, ka ce ya sake bugowa gobe.

Ban ce maganganunka na rediyo ƙarya ba ne. Wataƙila Uba zai girma ya ga kuɗi suna bin iska, ya ga fuskar mutum a tafin hannu, ya ce babansa ne ya fara faɗa. Zan yi alfahari da hakan. Amma yau shi ba ya gane kowa sai wanda ya ɗauke shi ya ji ɗuminsa. Ya san Baffa Makau, ya san Ɗanmusa direba ma.

Ka turo tes cewa a sa ni a mota a mayar da ni ɗakina, za ka shigo in aiki ya lafa. Baba ya ce shawara tana gare ni. Ni kuwa ba zan koma in zauna da hula a kan ƙusa ba. Kai ka kawo ni gidan nan da ƙafarka, ina nan inda ka ajiye ni.

In ka kwance ƙunshin da Ɗanmusa zai ba ka tare da takardar nan, za ka ga wayar a cikin jakarta, da abin cajinta. Lafiyarta lau, ba abin da ya same ta. Na ga in tana hannuna ba zan daina hawa tudu ba, kai kuma ba za ka daina zaton mun gaisa ba. Hanya ta bushe yanzu, mota tana shigowa har ƙofar gida ranar kasuwa.

Inna da Baba suna gaishe ka. Uba bai iya gaisuwa ba tukuna, sai an zo an ɗauke shi.

Mai jiranka,
Mardiyya.