Kwandon Shamuwa

Koona, bayan kaka

Zuwa ga Ɗan Malam,

Gaisuwa mai yawa. Ina lahiyarka, ina aikin biro, wato ohis, ina Rashida da goyo? Mu nan lahiya lau, sai ƙahwata da ka sani. Ka yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne.

To ga abin da ke tahe da ni. Mun tashi mun iske an shahwa wa tsamiyar bakin kasuwa hwarar ƙasa. Wai sare ta za a yi, don kamyo, babbar motar ɗaukar gujiya, shi samu wurin juyawa gaban ma'auni. Yo ina shamuwa za su sauka? Kai ma ka sani, duk bazara mu mata muke tara tsohhin kwanduna, samari su hau su ɗaure masu, su yi sheƙa ciki. Tsoho Na Allah shi wuni gindinta yana korar masu harbi. Ɗan tsako in ya hwaɗo, ni da maƙwabciyata Uwani mu yi ta ɗura mashi hwara har shi yi ƙwari. Ba mai biyanmu, ba mu kuma roƙa ba. Su ke gaya muna ruwa ya kusa, su ke cinye muna hwara a gona.

Tunda kana wurin masu sayen gujiya nan Tasawa, ka yi wa manyanka magana. Na ce wa mutane su kwantar da hankali, ina da ɗa can.

Ka gaida Rashida.
Uwarka, Halima

Koona, tsakiyar rani

Ɗan Malam,

Ina gaisuwa, ina iyali. Ban ga amsa ba, sai turmin zane da direba ya kawo. Na gani.

An sare ta. Da gatura suka zo, mutanen wani gari, don namu sun ƙi. Na Allah ya zauna jikinta, sai da aka ɗauke shi cak kamar buhu. Da ta hwaɗi, kwandunanmu na bara suka watse cikin ƙasa, har da nawa mai bakin hwata.

Wurin nan ne Gambo mai amalanke ya gaya mani, gaban mata, wai kai ne ka zo da mota ranar kasuwa, kai ka shahwa hwarar ƙasar da hannunka. Ka shigo garin ubanka, ka wuce ƙohwar gidana, ko ruwa ba ka tsaya ka sha ba. Ni kuwa ina yawo gida gida ina cewa ina da ɗa can! A inuwar tsamiyar nan aka raɗa maka suna, in ka manta.

Ban yi maka baki ba, kada ka ji tsoro. Amma zanen yana nan cikin takardarshi.

Uwarka, Halima

Koona, hwarkon damina

Ɗan Malam,

Ina gaisuwa. Allah shi sa kuna lahiya.

Shamuwa sun zo. Suka yi ta kewaya kututturen nan, ba su da wurin sauka, kowa ya hito yana kallon sama. Da ma mun shirya, mun yi gayya, samari sun ɗaure kwando bisa kan kowane ɗaki da rumbu. Igiya ta ƙare kahin a zo kaina, sai na kece zanenka aka ɗaure nawa da shi. Ya yi ƙarko, ba laihi.

Wasu sun wuce gaba abinsu. Sauran sun sauka gidan Uwani, gidan Bintu, har rumbun Gambo da bai taɓa ba tsako ko hwara ɗaya ba. Nawa kuwa wayam. Ni da na yi shekaru ina ɗura masu abinci da bakin tsinke. Uwani ta ce jan zanen ne ke korarsu. Wataƙila. Amma mata in sun wuce sai su ɗaga kai su dubi ɗakina, su sadda kai, su ce mani sannu kamar gidan makoki. Da zagi suka yi da ya hi mani.

An yi shuka. Na Allah bai hita gona ba, bai kuma ƙara zama kasuwa ba.

Gambo ya ce bari shi hau shi sauke kwandon, kada shi ruɓar mani da jinka. Na hana. Yana nan, ruwa na dukanshi. Hannun da ya shahwa hwarar ƙasa, shi za ya hau ya sauke shi, da rana, gari na kallo. In ba ka zo ba, ɗakin ya ruɓe bisa kaina.

Ka gaida Rashida, ba ruwanta.
Halima