Batirin Feshin Wake da Wayoyin Tahira

Kamaruddeen, tun kafin in gaishe ka, buɗe kunnenka: kada ka kuskura ka ƙara turo wa ƙanwarka Tahira wani gwajin lantarki ban sani ba. Saura ƙiris ka jawo mana asarar wake, ita kuma ka jawo mata zaman gida ranar gasar kimiyya ta makarantarsu. To, yanzu assalamu alaikum. Ya Zariya, ya karatu? Allah ya ƙara basira, ya raba ka da abokan banza. Mu nan Tsanyawa lafiya lau. Gero ya nuna, wake yana fure, ƙafar Inna Fadima ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida.

Ranar Laraba Babanku ya shirya feshin wake da sassafe, don tsutsa ta fara shiga fure. Ya goya injin feshi har gona, ya danna, shiru. Da ya dawo ya bincika, ashe Tahira ce ta zare batirin injin tun ranar Talata da la'asar, ta yi ta wasa da shi a bayan rumbu har ya mutu, sannan ta lallaɓa ta mayar. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce tunda kimiyyar ta fara koya mata ɗaukar abin da ba a ba ta ba, babu ita babu gasar. Ni ma na yi mata tas. Na ce neman ilimi ba ya halatta ɗauka ba izini, kuma mayarwa a ɓoye ta fi ɗaukar muni.

Amma da na sa ta kawo zanen da ka turo mata, sai murna ta kama ni. Wannan darasin na san shi! Malaminmu na sakandare ya zana mana shi a allo, wayoyi biyu a jere, kowace da da'irori kewaye da ita, muka haddace muka rubuta a jarrabawa, ban taɓa ganinsa da ido ba. Shekara ashirin da huɗu ke nan.

Aka kai batirin caji, aka yi feshi washegari, Allah ya rufa asiri waken bai lalace ba. Da Babanku ya huce, na roƙe shi ya zauna a zaure ya ga abin da aka kashe masa batiri a kai. Tahira ta rataya siraran wayoyi biyu na tsohuwar fanka a jikin kara, tsakaninsu bai kai faɗin yatsa ba. Tana haɗawa da batiri, wallahi Kamaruddeen, sai wayoyin nan suka matso suka manne da juna, babu hannun da ya taɓa su! Babanku ya ce iska ce. Na tashi da kaina na rufe ƙofa. Ta sauya haɗin waya ɗaya, ta sake taɓawa, sai suka ture juna, kowace ta yi baya. Ta bayyana masa cewa duk wayar da lantarki ke bi, ƙarfin maganaɗisu yana kewaye ta; in lantarkin biyun ya nufi gefe ɗaya su jawo juna, in ya saɓa su ture juna. Ya yi salati, ya ce a maimaita. Sau uku yana cewa a maimaita, sai da waya ta yi zafi na tsayar. Daga nan ya ce ta je gasar, shi zai kai ta a babur, da batirin.

Ka gaishe da Kawunka Mika'ilu da Gwaggo Ramlat, ka ce na gode da riƙo. Inna Fadima tana sa maka albarka, Tahira kuma ta ce ka taya ta addu'a.

Ga dokar da na kafa, kai ma ta shafe ka. Babu mai taɓa batiri sai an gama feshi, an nemi izinin Babanku. Taɓawa ba ta wuce ƙirga uku. Duk zanen da za ka turo, ni za ka fara turo wa. Kuma duk ranar da za a yi gwaji a gidan nan, ni zan haɗa wayar da hannuna.

Mahaifiyarka,
Asama'u