Malam Iro Ya Ƙi Fita Zaɓe

Zuwa ga ƙanena Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya Fatakwal, yaya aiki? Mu nan Fulatan lafiya lau, sai kewarku.

Ranar Asabar aka yi zaɓe. Na biya wa maƙwabcina Malam Iro kamar kullum. Ka san tun muna samari tare muke zuwa rumfar zaɓe, ni da jam'iyyata, shi da tasa, muna musu har mu dawo gida. Na tarar da shi a zaure yana ɓare gyaɗa. Na ce, "Tashi mu je ka kashe min ƙuri'ata." Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Je ka, Sule, na bar muku. Kowa ya ci, hanyarmu tana nan yadda take."

Ni kaɗai na tafi firamare. Habibu, ko layi babu. Samari suna gona, wasu sun tafi Kano. Na dangwala, na fito, na tsaya a gindin darbejiya da tawada a yatsa, ba wanda zan nuna wa.

Namu ne suka ci, amma har yau na kasa murna, don ba wanda zan tsokana.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida maiɗakinka da yara. Kuma don Allah ka buga wa Iro waya, ka yabi jam'iyyata sosai, ko Allah zai sa ya fusata.

Yayanka,
Sule