Yashin da Ba a Wanke Ba

Litinin, 3 ga Maris

Na leƙa kwamin ninkaya da safe, ban ga ƙasansa ba. Na cire tabarau na goge, na mayar, duk ɗaya. Ruwan ya yi fari-fari kamar wanda aka wanke shinkafa a ciki. Matakala uku nake gani, ta huɗu ta ɓace.

Kuma sai a wannan makon, da likitar gashin ƙashi ta ce ranar Asabar za ta fara saka Maigida cikin ruwa. Wata huɗu ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ta ce a ruwa jiki ba ya nauyi, can ne zai fara tsayuwa da ƙafarsa, kuma watannin farkon nan su ne komai, in ƙafar ta sandare shi ke nan. Shekara tara ina masa tsiya a kan kwamin nan, ina cewa ya haƙa mana rami a bayan gida don ya samu abin yi bayan ritaya. Yau ga ni ina roƙon rami.

Ban fasa komai ba. Kullum ina kunna inji, ina jefa ƙwayar kulorin, yadda na saba ganinsa yana yi ta tagar kicin. To me ya faru?

Talata, 4 ga Maris

Ya ƙara fari. Matakala biyu.

Laraba, 5 ga Maris

Na je shagon masu kayan ruwa da kwalba cike da ruwan kwamin. Mai shagon ya ɗiga wani abu a ciki, ya duba launi, ya ce kulorin ya yi ƙasa, in ninka. Ya fara tambayata wani abu game da injin, na ce masa injin lafiyarsa lau, ina jin ƙararsa har ɗakina. Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa, na san tambayar da ake yi don a sayar wa mutum abin da bai zo saye ba.

Na ninka. Na gunguro Maigida a kekensa na marasa lafiya bakin baranda don ya ga ana kula masa da kayansa. Ya daɗe yana kallon ruwan. Sai ya ɗaga hannun hagu, ya danna iska ƙasa, ya murɗa. Ya sake. Bakinsa yana ta kokawa, da ƙyar ya fito da “ya... ya...” Na ce, “Ya yi datti, na sani, ana kai.” Ya rufe ido.

Asabar, 8 ga Maris

Likita ta zo da jakarta, ta tsaya bakin kwami ko minti ɗaya ba ta yi ba. Ta ce, “Mama, ba zan saka shi a nan ba. Dole in riƙa ganin ƙafarsa a ƙasa, in ga yadda yake takawa. In ya zame ma ba zan gani ba.” Na ce ai ruwan ya sha magani, ko ƙwayar cuta ɗaya babu. Ta ce ba ta musa ba, amma ita ido take buƙata.

Sun yi abin da suka saba a kan tabarma. Da ta lanƙwasa gwiwarsa ta dama sai da ya yi ƙara. Ta ce ta fi makon jiya tauri. A hankali ta faɗa, tana naɗe tawul.

Mako guda ya tafi a banza.

Lahadi, 9 ga Maris

Na tuna alam. Kakata da shi take kwantar da ruwan randa, ta jefa ɗan gutsure, kafin a juya ruwa ya yi garau. Na sayo leda guda, na daka, na watsa ko'ina. Me zai gagara?

Litinin, 10 ga Maris

Innalillahi. Madara. Wallahi madara sak, ko matakalar farko ba a gani. Na tsoma hannu zuwa gwiwar hannu, yatsuna suka ɓace mini. Na tsaya riƙe da ledar alam ina kallon abin da na yi da hannuna, na kasa ko motsi.

Da rana ina ba shi abinci ya ture cokali. Ya sake yin abin nan da hannu, dannawa da murɗawa. Yau kalmar ta fito duka: “Yashi.” Na ce wane yashi? Ya ce, “Wan... wanke.” A wanke yashi. Na dube shi. Mutumin da ke gyara mini lissafin jarrabawar ɗalibai da ka, yau shi ke cewa a wanke yashi. Na ce, “To, to, za a wanke, buɗe bakin.” Da irin muryar da nake yi wa 'yan aji ɗaya na faɗa. Bai buɗe ba.

Laraba, 12 ga Maris

Auta ta kira. Na sa wayar a lasifika don ya ji muryar 'yarsa, sai magana ta ja ni na manta yana gefe. Na ce mata ruwan ya ƙi, kuma ina tsoron abin ya fara taɓa kan babanta, don kwana uku ke nan ba ya maganar komai sai yashi. Ta ce, “Mama, yana jinki?” Na ce ko ya ji ba lallai ya gane ba.

Na faɗa. Da bakina. Na rubuta a nan don kada gobe in ce ban faɗa ba.

Da na juyo ya mayar da fuskarsa bango. Kafaɗarsa ta hagu tana rawa.

Alhamis, 13 ga Maris

Bai ci daga hannuna ba yau. Ya ci da hagu, rabi a rigarsa. Ruwa yana nan yadda yake.

Juma'a, 14 ga Maris



Wajen ƙarfe sha ɗaya na shiga wanka, na bar shi a baranda da rediyo. Na fito babu shi. Babu keke. Na duba falo, na duba ɗaki, sai zuciyata ta ce kwami. Ban san da wace ƙafa na isa can ba. Na tsaya bakin farin ruwan nan, kuma a lokacin na gane abin da Likita take nufi, don in yana ciki ba zan gan shi ba. Na buɗe baki in kira shi.

Sai na ji ana buga ƙarfe. Daga ɗan ɗakin inji, can ƙarshen fili. Da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya ya tura kansa tun daga baranda, ta kan ciyawa, sawun tayar duk a karkace. A bakin ƙofa akwai ɗan tudu, nan keken ya kife. Na same shi kwance, rabi ciki rabi waje, goshinsa ya ƙuje, yana buga wani tanki da sifana.

Na sunkuya in ɗaga shi ina faɗa ina kuka, ya fizge. Ya kama wuyan hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya ja ni ciki. Shekara tara ban taɓa wuce bakin ƙofar ɗakin nan ba. Makunnin yana nan jikin ƙofa, kullum daga waje nake miƙa hannu in kunna in tafi.

Tankin ƙato ne mai tumbi, a kansa wani mariƙi baƙi, da ɗan agogo mai allura ɗaya. Allurar ta wuce wani jan layi da aka ja da fenti. Kewayen mariƙin an rubuta 1, 2, 3 da farin fenti, rubutunsa ne, ko a mafarki na san yadda yake yin 2. A bango kuma, da fensir, kwanan wata a jere tun daga sama har ƙasa, duk Asabar. Na ƙarshe kwana biyu ne kafin ya faɗi.

Ya buga tankin. “Yashi.”

Yashi ne a ciki. Ta cikinsa ruwan ke bi ya tace. Wata huɗu yana haɗiye datti ba a wanke shi ba, ni kuma na zo na ƙara masa alam leda guda.

Na zauna daɓas a ƙasa kusa da shi. Na ce, “Faɗa mini.” Kuma na ja bakina na rufe. Ban taɓa sanin shiru yana da wuya haka ba. Kowace kalma sai na ji ta a kan harshena tun kafin ya kai rabinta, sai in cije leɓe. Kashe. Na kashe injin. Danna. Na danna mariƙin ƙasa, ya ƙi, na sa hannu biyu. Murɗa. Daidai abin da yake ta yi da hannu tun ranar Laraba ta makon jiya, ina cewa “to, to.” Na kai shi kan 2. Kunna.

Abin da ya fito ta bututun bayan ɗakin, ban taɓa ganin irinsa ba. Ruwa ja-ja, mai kauri, da wari, yana ta bulbulowa cikin lambatu. Akwai wata 'yar kwalba a jikin bututun, ya nuna mini ita da sifana, wai in zuba mata ido har ta yi haske. Muka zauna mu biyu a ƙasa muna kallon kwalba. Da ta washe, kashe, danna, 3, kunna kaɗan, kashe, mayar kan 1. Allurar ta sauko ƙasa da jan layi.

Minti arba'in muka yi a aikin da na tabbata shi a biyar yake gamawa. Sai bayan nan ya yarda na kira maƙwabci ya taya ni ɗaga shi.

Ban ba shi haƙuri ba tukuna. Me zan ce?

Asabar, 15 ga Maris

Likita ta ga goshinsa ta dube ni. Na ba ta labari duka, ban rage ba. Ta ce, “Mama, ai tun farko na gaya miki, maganar ce ta samu matsala, kansa garau yake.” Ta gaya mini. Na tuna ranar ma, ina cike takarda ina cewa “na gane, na gane.”

Mako na biyu ya tafi. Gwiwar tana nan da taurinta.

Lahadi, 16 ga Maris

Na kira Auta, na sa lasifika da gangan, na ce abin da na faɗa ranar Laraba ƙarya ce, kan babanta ya fi nawa. Ta ce, “Wannan ai tun muna yara muka sani.” 'Yar banza. Shi kuwa ya yi wani sauti, rabin bakinsa ya ɗaga. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin asibiti.

Talata, 18 ga Maris

Yanzu ni ce 'yar aiki, shi ne shugaba. Ya sa na kashe inji kwana guda cur, alam ɗin ya kwanta a ƙasa kamar toka. Ya sa na zuƙe shi da dogon tiyo zuwa lambatu, a hankali, in na yi sauri sai ya buga hannun keke. Sau biyu muka sake wanke yashi. Bayana kamar zai ɓalle.

Matakala huɗu. Na ƙirga sau uku.

Alhamis, 20 ga Maris

Ashe tayil ɗin ƙasan shuɗi ne mai ɗigon fari. Shekara tara yana bayan gidana. Na jefa cokali don gwaji, daga baki ina ganin har zanen da ke jikin mariƙinsa. Yanzu kuma ban san yadda zan fito da shi ba.

Asabar, 22 ga Maris

Ya shiga. Likita ta ɗaura masa abin hana nitsewa a ƙugu, ita da maƙwabci suka saukar da shi matakala ɗaya-ɗaya. Ruwa ya kai masa ƙirji. Ta saki hannu ɗaya, ta saki na biyu. Ina ganin ƙafafunsa biyu a kan tayil, tas, ta daman tana ɗan karkarwa. Ya tsaya. Ta ƙirga goma sha huɗu kafin ya nemi hannunta. Na manta tsawonsa ya kai haka.

Ta ce gwiwar za ta ba mu aiki, makonni biyun nan ba su tafi kyauta ba. Na san wanda ya ci su.

Da suka huta ya jingina da gefe, ya ɗago yana kallona, bakinsa ya fara. “Shi... shi...” Na san shayi yake so, lokacinsa ne, har na ɗaga ƙafa zan nufi kicin. Ban dai tafi ba. Ba wai wani abu ba, takalmina ne ɗaya ya zame, kafin in gyara shi kuma ai an ɗan jima. Na tsaya. Ya rufe ido, ya buɗe, ya sake tarowa.

“Shigo, Malama.”

Shekara tara yana faɗa mini wannan, ina cewa ni ba kifi ba ce.

Na shiga. Zuwa gwiwa kawai, a matakala ta biyu, kuma don in ɗauko cokalina ne. Cokalin yana can ƙasa har yanzu. Na rubuta kwanan watan yau a bangon ɗakin inji, ƙarƙashin nasa. Fensirin yana nan inda ya bar shi.